A Nan Ake Gane Sauran Kwana

Tsakanin shagon tela da na mai aski akwai wani ɗan shago mai farin fenti, inda wata mata take sayar da tsokar kifi. Ita ke feɗewa da hannunta, ta cire fata da ƙaya, ta jera yankan a kan ƙanƙara kamar an yi musu guga. Kowa a layin Mai Kifi yake ce mata. Mijinta kuwa ya so a riƙa ce masa Dakta, saboda ya taɓa yin masinja a wani ɗakin gwaje-gwaje, yana hawa bene da kwalabe yana saukowa da su. Sai dai layin ya riga ya raɗa masa Na-Sani, domin ba ka isa ka kai ƙarshen magana ba tare da ya tare ka da “na sani” ba. An ce ranar da matar ta cire kunya ta gaya masa tana sonsa ma, amsar da ya ba ta ke nan. Ta yi dariya har da hawaye, ta kuma aure shi a haka.

Abu ɗaya ne a jikinsa da babu gardama a kai: hannunsa kullum da ɗumi. Idan ta rufe shago da yamma, yatsunta sun sandare don ƙanƙara, sai ya riƙe su cikin tafinsa yana ba ta labarin abubuwan da bai taɓa yi ba. Ita kuma ta ƙyale shi, tana jin ɗumin.

Wata rana kukun wani babban otal ya tsaya a shagon, ya duba yankanta, ya gyaɗa kai.

“Na gaji da kifin da zan sa a firji yau, jibi ya kori ma’aikata daga kicin,” in ji shi. “Idan za ki iya gaya mini iya kwanakin da kowane zubi zai yi kafin ya juya, daga wurinki zan riƙa ɗauka. Zan dawo in gani da idona.”

Tun da ta buɗe shagon take mafarkin irin wannan mai saye. Don haka ta nemi wani kamfani da ke sayar da kayan gwajin gaggawa, suka turo wakilinsu ana gobe Kuku zai dawo. Saurayi ne mai ladabi. Ya buɗe kwali a kan kanta, ya fito da ’yan kwalabe masu shuɗin ruwa, da tsinkaye masu auduga a kai, da wani ɗan akwati da ake jonawa a wuta ya yi ɗumi.

“Wannan tsinken za a goga a jikin tsokar…”

“Na sani.”

“…sai a tsoma shi a kwalba, a sa ta a akwatin ɗumi. Idan ƙwayoyin cuta sun yi yawa, nan da nan ruwan zai koma ruwan hoda. Kifin ba shi da sauran kwana ke nan. Idan kuma ya daɗe yana shuɗi…”

“Ai na sani. Ni da na tsufa ina hawa bene da irin wannan ruwan.”

“Abin da ya fi muhimmanci shi ne, kada audugar ta taɓa…”

“Samari, kana zanen goyo nake wannan aikin.”

Saurayin ya dubi Mai Kifi. Ta ce bari ta raka shi bakin ƙofa, suka ɗan tsaya a waje suna magana ƙasa-ƙasa. Na-Sani bai kula ba, yana can yana shafa akwatin ɗumi kamar ɗansa na fari. Ya dai lura akwai gurbi ɗaya a kwalin da babu kwalba, ya girgiza kai ya ce kamfanonin zamani ba su da amana.

Washegari da sassafe Mai Kifi ta tafi inda ake sauke kifi don ta zaɓo na Kuku da kanta. Tana juya baya Na-Sani ya jawo wani katako da gwangwanin fenti. A ganinsa, irin wannan ilimi bai kamata ya zauna a kwali ba. Ya fara rubutu da manyan haruffa, kowane harafi kamar kan yaro: A NAN AKE GANE SAURAN KWANA. Yana kai nan katako ya ƙare. Ya ɗan yi tunani, ya juya bayan katakon ya rubuta NA KIFI, ya ce mai son ƙarin bayani ya zagayo.

Wanda ya fara karantawa shi ne Tela, dattijon da kowace safiya yake tashi da sabuwar cuta. Ya gama karin kumallo ke nan, yana goge maiƙo a gefen riga.

“Na-Sani, wannan abin da ka rubuta da gaske ne?”

“Dakta.”

“Dakta, da gaske ne?”

Na-Sani ya yi niyyar cewa ya zagaya ya karanta baya. Amma tun da yake, yau ne karo na farko da wani mahaluƙi ya ce masa Dakta, kalmar kuma ta shiga jikinsa kamar ruwan ɗumi.

“Kawo hannunka, Baba,” ya ce.

Ya goga audugar a tafin Tela, ya bi tsakanin yatsu, ya tsoma a kwalba, ya sa a akwati. Suka zauna suna jira, Tela yana lissafa masa inda ke yi masa ciwo. Ba a jima sosai ba Na-Sani ya buɗe. Ruwan ya koma hoda shar, kamar rigar jaririya.

“Me ya ce?” Tela ya tambaya.

Na-Sani ya ɗaga kwalbar ga haske, ya yi gyaran murya. “Gaskiya, Baba, da kifi ne kai, yau zan sayar da kai.”

Tela ya miƙe a hankali, ya fita. A bakin ƙofa wani direba ya gaishe shi da “ranka ya daɗe”, ya ce masa ya daina yi wa mutane ba’a. Daga nan ya yanke shawarar tun da tafiya ta zo, ba zai tafi da magana a ciki ba. Ya leƙa shagon Mai Aski ya ce, “Tun ina da baƙin gashi kake karkata mini ƙeya, ina yin shiru don maƙwabtaka.” Ya tare wata mata da ta daɗe tana kukan ya matse mata riga, ya ce, “Hajiya, ma’aunina bai taɓa ƙarya ba. Rigar tana nan yadda take, ke ce kika ƙaru.” Ya gaya wa mai gidan da yake haya cewa muryarsa a waya tana sa madarar maƙwabta ta tsinke.

Mai Aski ya ajiye almakashi ya zo ya ga abin da ya haukata dattijo. Shi kuwa yini yake hannunsa cikin sifirit mai ƙamshi, wanda yake shafa wa mutane bayan aski. Aka goga, aka sa, aka jira. Aka ƙara jira. Kwalbarsa ta tsaya shuɗiya, ko gezau.

“Kai kam,” in ji Na-Sani, “sai dai a gaji da kai.”

Mai Aski ya fito yana buɗa kafaɗa. Likita ya hana shi zaƙi, sai ya aika aka sayo masa lemon kwalba mai sanyi, ya bi shi da wani. Ya tsallaka titi ba tare da ya duba hagu ko dama ba, ya dawo, ya sake tsallakawa don waɗanda ba su gani ba.

Kafin rana ta take, layi ya kai bakin kwalbati. Wata dattijuwa mai sayar da ganye ta ce kwana ai na Allah ne, wannan duk shirme ne, amma ta tsaya a layin don ta ga ƙaryar da idonta. Kwalabe suka yi ta tafiya. Waɗanda tasu ta yi hoda suna zaune a gefe suna yafe wa juna, waɗanda tasu ta jinkirta suna ba su haƙuri da fuskar da ba ta iya ɓoye murna ba.

A haka Mai Kifi ta dawo da kwandunan kifi cikin ƙanƙara. Da ta hango layi a ƙofar shagonta sai fuskarta ta washe. Sannan ta karanta katakon.

“Maigida, ina ƙarshen maganar?”

“Yana baya, Shugaba.” Haka yake kiranta idan ya san akwai matsala.

Ta juya ga jama’a ta ce gwajin na kifi ne, kowa ya koma aikinsa. Babu wanda ya yarda. Tela ya dafa ƙofa ya ce, “Ki bar lallashina, ’yata. Allah ya yi miki albarka. Kifinki yana da kyau, mijinki ne dai ban taɓa gane abin da kika gani a jikinsa ba.”

Ta rufe ƙofa, ta duba kwali. Kwalba biyu suka rage. Ta ɗaura gyale a ƙugu, ta wasa wuƙa, ta hau feɗe kifi, ta jera tsokar a tire-tire. Tire ɗaya ta sa a ƙaramin firji na ƙasa, ta kulle, ta ce na innarta ne. Da ta gama sai ta ce za ta je gida ta canza kaya kafin Kuku ya iso.

“Kada ka taɓa kifin.”

“Na sani.”

“Ban ce ka sani ba, na ce kada ka taɓa.”

Ya yi niyyar bin umarni, har ya zauna a kan hannayensa. Amma wane irin Dakta ne zai bari baƙo ya zo bai fara dubawa ba? Ya zaro tsinke, sai ya ga audugar ta ɗan warware. Ya sa ta a baki ya lasa, ya murza ta da yatsu ta yi tsini, yadda ya ga Tela yana yi wa zare. Ya goga a tsokar da ta fi kyau, ya sa a akwati.

Ko na Tela bai yi saurin wannan ba. Hoda, har da duhu-duhu.

Ya ƙura wa kwalbar ido. Ya tuna yadda matarsa ta tashi tun gari bai waye ba, da yadda ta tsaya gaban madubi jiya tana gwada abin da za ta ce wa Kuku. Yanzu mutumin nan zai zo gaban jama’a ya ce kifinta ba shi da sauran kwana. Ya leƙa waje cikin damuwa, sai idonsa ya sauka a kan Mai Aski, yana tsakiyar titi yana ba wa motoci hannu. Shi kaɗai kwalbarsa ta ƙi juyawa. Me Mai Aski yake da shi wanda sauran ba su da shi?

Na-Sani ya ji kansa ya yi haske. Ya tsallaka ya ari babbar kwalbar sifirit, ya ce aikin kimiyya zai yi. Ya dawo ya bi tsokar nan ɗaya bayan ɗaya yana shafe ta ciki da baya, har da ɗan marin da ake yi wa kumatu bayan aski. Abin da ya rage a kwalbar ya tuttula a kai don ƙarin albarka.

Mai Kifi da Kuku kusan tare suka iso, jama’ar layi na biye da su, domin masu sauran kwana da marasa shi duk suna son kallo. Tana shiga ta ja hanci, ta dubi mijinta. Shi kuwa ya riga ya hau jawabi. Ya yi bayanin ƙwayoyin cuta, ya ce ya san su tun suna ƙanana. Ya goga tsinken ƙarshe a tsokar, ya sa a akwati, ya ci gaba da magana har Kuku ya fara duba agogo. Da ya buɗe, kwalba tana nan shuɗiya.

“Ka gani? Wannan kifin sai ya binne mu duka.”

Kuku ya sunkuya a kan tire. A daidai lokacin kyanwar layin, wadda ba ta taɓa wuce shagon ba tare da ta yi roƙo ba, ta shigo ta ɗaga hanci. Ta yi atishawa, ta juya ta fita ba ta waiwayo ba.

“Kifin nan daga aski yake?” Kuku ya tambaya.

“Ƙamshin tsafta ne. Ba kowane hanci ya saba da shi ba.”

“To, ni ba na sayen abin da ban ɗanɗana ba. Akwai wuta?”

Akwai ɗan murhun gas a bayan kanta, inda Mai Kifi take dafa shayi. Ta miƙa hannu za ta karɓi kaskon, Na-Sani ya riga ta. Ya ce suya ma ilimi ce. Ya kunna wuta har ƙarshe, ya ɗora kasko, ya ɗauko yanka mafi girma yana ɗiga, ya kwantar da shi, ya sunkuyar da fuska don ya nuna wa Kuku yadda masana ke shinshina.

Wuta ta ce bup, ta tashi shuɗiya har kusa da silin. Da Na-Sani ya ɗago, rabin gashin bakinsa ya tafi, girarsa ta hagu ta bi shi. Ya rarumi bokitin ruwan ƙanƙara ya watsa. Ruwan ya tsallake kaskon, ya sauka a kan akwatin ɗumi da takalman Kuku. Akwatin ya yi tartsatsi, ya yi ɗan kuka, ya mutu. Mai Kifi ce ta kife murfi a kan kaskon, ta kashe gas. Masu gudu suka bangaje katakon da ke ƙofa, ya faɗi ya kife, ga NA KIFI ɓaro-ɓaro yana kallon kowa.

Mai Aski ne ya fara shinshina iska.

“Wannan ai sifirit ɗina ne.” Ya dubi hannayensa, ya dubi kwalbarsa mai shuɗi da yake yawo da ita a aljihu tun safe, ya dafe ciki ya nemi wurin zama. “Wani ya kira mini likitana.”

Tela ya karanta katakon sau da yawa. Fuskarsa ta fara washewa, sai ya waiga ya ga Hajiya mai riga a damansa, mai gidan haya a hagunsa.

“Dakta,” ya ce a hankali, “ba yadda za a yi a sake dubawa? Wataƙila na farkon ne daidai.”

Kuku ya zazzage ruwa daga takalminsa, ya nufi ƙofa.

“Ka ba ni ɗan lokaci, don Allah,” in ji Mai Kifi. Muryarta ba ta tashi ba, amma ya tsaya.

Ta buɗe ƙaramin firji ta fito da tiren innarta. Ta wanke hannu, ta sa safar roba, ta zaro kwalba ɗaya da tsinke a cikin ledarsa daga aljihun rigar aikinta. Na-Sani ya gane kwalbar da ya zagi kamfani a kanta. Ta goga audugar a tsokar ba tare da ta bari ta taɓa komai ba, ta tsoma, ta rufe.

“Akwatinku ya mutu,” in ji Kuku. “A ina za ki ɗumama ta?”

“Yaron kamfani ya ce ɗumin jiki ma ya isa.” Ta juya ga mijinta, wanda yake tsaye yana hayaƙi kaɗan-kaɗan. Ta kamo hannunsa, ta buɗe tafin, ta ɗora kwalbar, ta naɗe yatsunsa a kai ɗaya bayan ɗaya. “Riƙe, Maigida. A layin nan kaf babu hannu irin naka. Sai dai fa magana tana girgiza ruwan. Ko kalma ɗaya ka yi, ka ɓata.”

Wannan na ƙarshen yaron kamfani bai faɗa ba, amma babu wanda ya san haka sai ita.

Na-Sani ya zauna a kan kujera, hannu a dunƙule a ƙirji, baki a rufe. Labari ya zagaya cewa Na-Sani ya yi shiru, har masu shagunan bayan layi suka rufe suka zo. Aka fara gwada shi.

“An ce kifi ba ya shan ruwa,” in ji direba.

Jijiyar wuyan Na-Sani ta miƙe.

“Ni na ji an ce a ɗakin gwajin nan shara yake yi,” in ji Mai Aski.

“Ba shi da bene ma,” in ji Tela. “Ginin ƙasa ne.”

Zufa ta keto masa. Leɓensa ya fara rawa a ƙarƙashin rabin gashin bakin da ya rage. Ya dubi matarsa, tana tsaye tana murza bakin gyalenta, ba ta kallon kowa sai dunƙulallen hannunsa. Ya haɗiye maganar, har aka ji saukarta.

Da lokacin da aka ɗiba ya cika, ta buɗe yatsunsa. Kwalbar ta yi ɗumi kamar ƙwan da kaza ta tashi a kai, ruwan kuma shuɗi ne tas. Ta kara shi da katin launuka da ke jikin murfin kwalin, ta nuna wa Kuku.

“A firji mai sanyi sosai zai kai maka ƙarshen mako. Bayan nan ban ɗauki alkawari ba.”

Kuku ya wanke kaskon da kansa, ya soya ɗan yanki da gishiri kawai, ya ci a tsaye. Kyanwa ta dawo ta zauna a kan jiƙaƙƙen takalminsa.

“Naɗe mini tiren,” ya ce. “Duk zubin da za ki kawo, ki haɗo da kwalbarsa.” Sannan ya dubi Na-Sani, yana danne dariya. “Dakta, kai me ka gani?”

Na-Sani ya buɗe baki. Duk layin ya riƙe numfashi.

“Ban sani ba,” ya ce. “Tambayi Shugaba.”

“Ashe dai gwajin bai yi ƙarya ba,” in ji Tela. “Yau wani abu ya mutu a layin nan.”

Da yamma, bayan an watse, an zubar da kifin da ya je aski, Mai Kifi ta ja ƙofar shago. Yatsunta sun sandare kamar kullum. Ta miƙa masa su, ya riƙe. Yau babu labari. Ya daɗe yana kallon ƙasa.

“Shugaba, sifirit ɗin nan fa, don ke na yi. Tsoro na ji kada ya ƙi kifinki.” Ya shafa inda girarsa take a da. “Ina sonki, kin ji.”

Ta gyara yatsunta a cikin tafinsa.

“Na sani,” ta ce.